Tarihin Katifar Soso: Daga Rimi Zuwa Kumfar Man Fetur

Bara da rani aka yi bikin yayata. Baba ya sayar da rago da buhunan gero don a haɗa mata kayan ɗaki, kuma abin da ya fi cin kuɗi bayan gado shi ne katifa. A bayan kabu-kabu aka ɗauko ta daga wajen Kamba, an naɗe ta an ɗaure da igiyar roba, yara na bin ta da gudu har ƙofar gida. Ranar jere kowa ya danna ta da hannu ya ce madalla. Wata shida bai cika ba tsakiyarta ta lotsa kamar ƙwarya, wanda ya kwanta sai ya ji katakon gado a bayansa. Da Yaya ta zo ganin gida ta faɗa wa Inna, sai Inna ta juyo wurina ta ce, "Kai da kake lakkol, wai mene ne a cikin abin nan da muka ba da rago saboda shi?" Wallahi ban iya ba ta amsa ba. Na san sunan babban birnin Kanada, amma abin da nake kwana a kai kullum ban san da me aka yi shi ba. Kunyar wannan rana ce ta sa na bi sawun tarihin soso, ga kuma abin da na samo, ƴan uwa.

Kafin soso ya zo

Mu fara da kalmomin kansu. Katifa kalmar Larabci ce, asalinta sunan wani yadi mai laushi mai kauri. Soso kuwa tamu ce. Shi ne ɗan tsiron nan mai yaɗo da ke hawa danga, wanda idan ya bushe aka ɓare ɓawonsa sai a sami saƙa mai ramuka, a yi wanka da ita, a wanke ƙwarya da tukunya. Da sabon abu ya zo daga masana'anta, mai ramuka, mai shan ruwa, mutanenmu ba su tsaya neman sunan Turawa ba. Suka ce ai wannan soso ne.

Kakanninmu a nan Yelu da sauran garuruwan Dallol Mawuri suna da shimfiɗunsu. Akwai tabarmar kaba, akwai buzu, akwai gadon kara, akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin sanyi. Mai neman laushi sai ya ɗura ciyawa a buhu. Mai hali kuma ya sa a ɗinka masa katifa da matashin kai na audugar rimi.

Audugar rimi ba abin rainawa ba ce. Kowane zare nata bututu ne siriri, cikinsa iska, bayansa da wani maiƙo da ke hana ruwa shiga da wuri. Shi ya sa ba ta da nauyi kuma take yawo a kan ruwa. Har zuwa yaƙin duniya na biyu, da ita ake cusa rigunan ceton rai na jiragen ruwa, kuma tsibirin Jaba na ƙasar Indunisiya ne ya fi kowa fitar da ita kasuwar duniya. Aibinta biyu ne. Idan ta daɗe sai ta dunƙule, sai an farke an shanya an buge ta. Kuma wuta na kama ta nan da nan.

Ku riƙe wannan: soson danga da audugar rimi duka abu ɗaya suke yi, suna kama iska su riƙe a cikin jikinsu. Abin da masana suka kwashe shekaru suna nema ke nan, yadda za a kama iska a cikin abin da ɗan Adam ya haɗa da hannunsa.

Ƙosai, fanke, gugguru da lemun kwalba

Hanyoyin yin soso na masana'anta guda huɗu ne manya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tuya ya san su.

Ta farko ita ce ta ƙosai. Mai ƙosai tana buga ƙullu har iska ta shige shi, in ta soya sai ya yi laushi. A 1929, a kamfanin Dunlop da ke Bamingam a Ingila, wani masani mai suna E. A. Murphy da abokan aikinsa suka buga madarar itacen roba da injin kaɗa ƙullu irin na madafa, ta yi kumfa, suka gasa ta ta tsaya a haka. Daga nan aka sami soson da aka sa wa suna Dunlopillo. Yana da kyau, amma ya dogara da gonakin roba na Asiya, kuma yana da tsada.

Ta biyu ita ce ta fanke. Ba a buga ƙullun fanke don iska ta shiga, a cikinsa yis ke haifar da iskar, ya kumbura. Wannan ita ce hanyar katifarmu. A 1935 kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro nailan ya mallaki fasaharsa. Jamusawa suna son nasu. A 1937, a garin Lebakuzan, Otto Bayer da mutanensa na kamfanin IG Farben suka haɗa ruwaye iri biyu, ɗaya ana ce masa izosiyanat, ɗayan poliyol, suka sami sabon abu: poliyuretan. Shi ma polima ne, wato ƙananan ƙwayoyi ne da suka kama hannun juna suka yi dogayen sarƙoƙi, kamar roba da leda da nailan. Abin dariya, kumfar da muke kwana a kai yau da farko matsala ce a wurinsu. Idan ɗan ruwa ya shiga haɗin, sai ya haɗu da izosiyanat ya haifar da iskar karbonik, abu ya cika da ramuka. Daga baya aka gane cewa wannan lahanin shi ne arzikin. A 1954 aka fara yin soso mai laushi na poliyuretan don kasuwa, kuma a 1956 da 1957 aka samo sababbin poliyol masu araha daga man fetur. Daga nan kasuwar audugar rimi ta fara mutuwa.

Ta uku ita ce ta gugguru. A wajajen 1950 Fritz Stastny na kamfanin BASF a Jamus ya yi ƴan ƙwayoyin roba masu wani ruwa mai saurin zama tururi a cikinsu. In aka tura musu zafi sai kowace ta kumbura, su manne da juna. Shi ne farin abin nan mara nauyi da ke zuwa cikin kwalin talabijin ko firji, wanda yara ke murzawa ya watse.

Ta huɗu ita ce ta lemun kwalba. Iska na narke a cikin lemun muddin marfi na rufe, kana buɗewa sai kumfa. A farkon shekarun 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, Farfesa Nam Suh da ɗalibansa suka matsa iska cikin roba da ƙarfi, sannan suka saki matsin, sai aka sami ramuka ƙanana da ido ba ya gani. Ɗalibai ne irinmu suka yi aikin, sai dai su suna da ɗakin gwaje-gwaje.

Yadda ya iso mana

Soso bai taso daga Jamus ya faɗo Yelu ba. Ta Najeriya ya fi biyowa. A 1959 iyalin Moukarim suka kafa masana'antar gadajen ƙarfe da kayan ɗaki a Kano, kuma a 1972 suka buɗe kamfanin Mouka a Legas don yin soso. Kafin nan, a 1962, an kafa Vitafoam, wanda ya fara aiki a Ikeja, daga baya ya buɗe masana'antu a Aba da Kano da Jos. Ku lura da jerin: gadon ƙarfe ya fara zuwa, katifa ta biyo bayansa. Gadon kara tabarma ta ishe shi, amma gadon ƙarfe sai da abin ɗorawa.

Shekarun 1970 suka zo da kuɗi. Najeriya na cin kasuwar man fetur, Nijar ta fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971. Ma'aikata da ƴan kasuwa da masu zuwa cin rani suka riƙa komawa gida da rediyo da keke da katifa. Mu kuma a bakin hanya muke. Ga Kamba, ga gadar Gaya da Malanbil a kudu, kan hanyar Kwatano. Yankin da tun dā ayarin fatake ke ratsawa da gishirin Foga da goron Gwanja, shi ne yanzu motoci ke ratsawa da katifu a ɗaure a sama.

Farashinta a wurinmu kullum yana bin canji. Daga 1986, lokacin da darajar naira ta fara zubewa, mai sefa a aljihu ya riƙa samun kayan Najeriya da sauƙi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sai abin ya juya na ɗan lokaci. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, ba a buɗe ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024. Duk waɗannan mun gan su da idonmu. Kowace rufewa, uban amarya a ƙauye ne ke biyan bambancin.

Cikin shekaru kaɗan katifa ta tashi daga abin marmari ta zama dole. Yau ba a kai amarya ɗaki babu ita, kuma mata masu zuwa ganin ɗaki kaurinta suke fara dubawa. A nan ne aka same mu. Tunda kauri muke so, aka ba mu kauri.

Iska muke saye

Ga yadda ake yin ta. Ana zuba poliyol da izosiyanat da ruwa da wasu ƴan magunguna a injin kaɗawa, a kwarara haɗin a kan shimfiɗa mai tafiya, ko a cikin babban akwati in ƙaramar masana'anta ce. Cikin minti biyu zuwa uku ya tashi ya yi tsawon mita ko fiye. A bar shi ya kwana ya huce, sannan a yanka kamar burodi, a ɗinka masa riga.

Mushenmu na fizik ya koya mana dansite, wato nauyin abu a kowace mita kub, muka rubuta a littafi muka manta. To ga amfaninta. Poliyuretan da bai yi kumfa ba, mita kub ɗaya ta fi kilo 1,000. Soson katifa mai kyau kuwa wajen kilo 30 ne. Ke nan kashi 97 cikin 100 na katifa iska ce, kashi 3 kacal ne abin da ke ɗaukar nauyinka. Mai masana'anta in yana son ya rage tsada, sai ya ƙara ruwa a haɗin. Iska ta ƙaru, soso ya ƙara tashi, ganguna ɗaya ta ba shi katifu da yawa. Amma bangon kowane rami ya zama siriri. Ka kwanta yau ka kwanta gobe, bangayen su karye, katifa ta lotsa. Abin da ya sami Yaya ke nan.

Lissafin ba wuya. Katifa mai tsawon mita 1.90, faɗin mita 1.40, kaurin santimita 20, girmanta kusan mita kub 0.53 ne. In dansite ɗinta 30 ne, za ta kai kilo 16. In 15 ne, kilo 8 kawai. A ido duk ɗaya suke, rigar ma iri ɗaya ce. Sai dai a kula, wasu sun san mutane na ɗagawa su ji nauyi, don haka suna zuba garin alli a cikin haɗin. Irin wannan soson yana da nauyi amma in ka murza gefensa sai ya yi gari, in ka danna ba ya dawowa da sauri. Araha dai ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Ramukan soson katifa a buɗe suke, suna haɗe da juna, shi ya sa iska ke fita in ka zauna, ruwa kuma ke shiga. Akwai wani poliyuretan mai tauri wanda ramukansa a rufe suke. Shi ke cikin bangon firji da kular mai sayar da ƙanƙara, shi ke cikin akwatin da ma'aikatan lafiya ke ratayawa lokacin rigakafi. Yawancin alluran rigakafi ana son su zauna tsakanin digiri 2 da 8. A watan Afrilu, da zafin da ya wuce digiri 40, wannan soson ne ke sa allura ta isa ƙauye da ranta. Don haka kada a ce na zo zagin soso ne. Ya yi mana rana.

Wuta, da soson da ba ya ci

Abin da ba a faɗa mana a kasuwa shi ne, soso ɗan man fetur ne, kuma bai manta gidansu ba. Yana cin wuta da sauri, hayaƙinsa baƙi ne, a cikinsa akwai iskar da ke kashe mai kwana da garwashi a ɗaki rufe, akwai kuma gubar siyanid. Sau da yawa hayaƙin ke kayar da mutum kafin wuta ta taɓa shi. Ranar 8 ga Mayu 1979 gobara ta tashi a sashen kujeru na kantin Woolworths a Mancasta, mutum 10 suka mutu, akasarinsu hayaƙi ne. Jami'an kashe gobara suka yi ta matsa wa gwamnati har a 1988 Birtaniya ta kafa dokar da ta tilasta sa soso mai wuyar kamawa a kujeru da katifu. Mu fa? Mu ne masu kunna maganin sauro na igiya a gefen katifa, mu ne masu shiga da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu, kuma a garuruwan bakin iyaka irin namu ba abin mamaki ba ne ka ga jarkar fetur ajiye a cikin gida.

Masana sun nemi soson da ba ya ci, kuma mutuwa ce ta tura su. Ranar 27 ga Janairu 1967 wuta ta kama cikin kumbon Apollo 1 yana ƙasa ana gwaji, ƴan sama jannati uku suka ƙone. Bayan haka hukumar NASA ta dage wajen neman kayan da ba sa ruruta wuta. A shekarun 1970 aka samar da soso daga wani polima da ake kira poliyimid. Sarƙarsa cike take da zobba masu ƙarfi da zafi ba ya saurin tsinkawa. Ana yin garinsa, a sa a tanda, tururin da ke fita daga cikinsa ya kumbura shi yayin da yake daskarewa. Yana jure zafin digiri 200, in ka kai masa wuta sai ya yi baƙi, ba ya narkewa yana ɗiga, hayaƙinsa kaɗan ne. Ana sa shi a jiragen sama da jiragen ruwa na yaƙi. Tsadarsa ta hana shi shiga ɗakin amarya, a nan ko a Turai. Shi kuma soson nan da ke riƙe shatin hannunka in ka danna, wanda ake yi wa talla a manyan shaguna, daga aikin da Charles Yost ya yi wa NASA a 1966 ya fito, don kujerun jirgi.

Akwai wata ɓarna da ba a gani da ido. Shekaru da yawa ana ƙara wani gas mai suna CFC don soso ya tashi, sai aka gano yana cinye rufin ozon da ke tare mana zafin hasken rana mai cutarwa. A 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Mantiriyal don daina amfani da shi, kuma Nijar da Najeriya da Benin duk suna ciki. Wannan an magance shi da yawa. Wanda ba a magance ba shi ne na bayan gida: tsohuwar katifa ba ta ruɓewa. Katifar rimi in ta mutu taki ce. Ta soso sai a yayyanka a yi matashi, saura ya tafi juji, a cinna masa wuta, yara na wasa a gefen hayaƙin.

Abin da ke wucewa ta ƙarƙashinmu

Tun 2011 Nijar ke tace mai a matatar Zandar. An kuma shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, kuma ta yankin Gaya yake tsallaka kogi. A watan Mayu 2024 aka yi lodin jirgin farko. Poliyol da izosiyanat daga man fetur ake fitar da su, amma a manyan masana'antun Turai da Asiya da Amurka da ƙasashen Larabawa. Masana'antun soso na yankinmu sayowa suke yi a ganguna da kuɗin waje. Wato ɗanyen mai ya wuce ta ƙarƙashin gonakinmu ya tafi teku, wani ya sarrafa irinsa, ya dawo mana ta Legas a ganga, a hura masa iska, mu sayar da rago mu saya. Haka aka yi da gyaɗa da fatu zamanin Turawa, kayan ne kawai suka sauya.

Ba na cewa mu koma gadon kara. Ni kaina ba zan koma ba. Amma mu da muke aji, musamman ƴan ɓangaren kimiyya, ya kamata mu san cewa darasin kimiyyar haɗe-haɗe da muke haddacewa don jarrabawa shi ne wannan abin da ke ƙarƙashin zanen gadonmu. Kuma rimi bai ƙare ba. Wanda ya dasa shi yau, ƴaƴansa za su sami matashin da ba ya jiran a buɗe iyaka.

Kafin nan, ga abin da kowa zai iya. In za a sayi katifa a gidanku, ka bi su. Ka tafi da tef ɗin tela ka auna tsawo da faɗi da kauri, ka ninka su, ka ɗora katifar a sikelin masu awon hatsi, ka raba nauyin da girman. In abin da ya fito ya yi ƙasa da 20, ka faɗa wa baba gaskiya, wannan ba ta kwanan kullum ba ce. Ka buɗe bakin rigar ka murza sosan ka gani ko zai yi gari. A gida kuma a nisanta ta da fitila da maganin sauro da kaskon wuta, kada a ƙona tsohuwa a tsakar gida.

Na koma na yi wa Inna bayanin nan duka, da misalin fanke da komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, ashe iska muka saya." Na ce e, Inna, amma kowa ma iska yake saye, tamu ce dai ta yi yawa. Bayan girbi za a yi bikin ƙanwata. Ta riga ta gaya wa Baba cewa ranar sayen katifa da ni za a tafi.